Sawun Jirgin Nuru

Ranar Asabar ɗin da jirgin Nuru ya faɗo, mutanen unguwar Hindawiyya da ke Makka ƙaddara suka kira abin. Wasu har da ƙarin cewa ai dama sun faɗa. Mutum ya ciro injin tsohuwar mota, ya haɗa da fukafukan da ya ƙera da hannunsa, ya ce zai tashi sama, me kuma ake jira? A wani filin masu ƙananan jirage aka ɗauko shi, can bayan iyakar Harami ta hanyar Jidda, yana numfashi amma bai san inda kansa yake ba. Ana ta zuwa jaje gidan mahaifiyarsa, sai ƙanwarsa Shifa ta sa aka kwance akwatin giyar jirgin, wato mahaɗin injin da farfela, a gaban jami'in bincike. Daga ranar babu wanda ya sake cewa ƙaddara da babbar murya. Aka koma raɗa.

Daga can gidan kawunta Yari ta nufa. Yari mutumin Tawa ta Nijar ne, ya zo Makka yana saurayi da kiwon raƙuma, ya tsufa da bin sawu. In dabba ta ɓata, ko wani alhaji ya ɓace a duwatsun bayan Muzdalifa, shi 'yan sanda ke aiko wa mota. Ta same shi a kan darduma, ta ajiye masa abu biyu baƙaƙe, kowanne kamar guntun rake.

"Kawu, matsa wannan, sannan ka matsa wannan."

Na farko ya lotsa a ƙarƙashin yatsansa ya dawo. Na biyu kamar ƙashi.

"A ido dai ɗaya suke," in ji Yari.

"A ido ɗaya suke." Malamar injiniyanci ce, ita ta yi wa Nuru lissafin giyar, don haka ta daure ta yi bayani. "Injin Yaya ba shi da fistin irin na sauran motoci. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa, da gudun da farfela ba za ta iya ɗauka ba, shi ya sa aka sa giya a tsakani ta rage gudun. To injin ba a hankali yake ja ba, fizga yake yi, fizga bayan fizga. Farfela kuma nauyi gare ta, ba ta son a fizge ta. Robobin nan masu taushi ke zama tsakanin injin da giya, su shanye fizgar."

"Kamar akala ke nan. In ba ta da sassauci, ko hannu shi goce ko hancin raƙumi shi yage."

"Haka ne, har ya fi haka. Akwai wani gudu da in injin ya kai, fizgarsa da jijjigar farfela sukan haɗa baki su yi ta ƙara wa juna ƙarfi, kamar mai tura lilo daidai lokacin da ya dawo. Da roba mai taushi, wannan mugun gudun yana can ƙasa, injin na tashi yake wuce shi. Da wannan mai taurin, ya hauro ya zauna daidai gudun da ake tashi sama da shi. Sandar giyar karyewa ta yi kamar kara. Kawu, da idona na ga masu taushi a ciki ran Laraba. Wani ne ya cire su."

Yari ya daɗe yana juya abin a tafinsa. Nuru ɗan ƙanwarsa ne, a kan cinyarsa aka yi masa aski ran suna.

"Wa ke da makullin wurin?"

"Yaya Nuru. Rakan mai filin. Abdulwasi'u da ya sassaƙa musu ƙarafa. Sai maigidana, Hashim, tunda tare suka fara aikin."

* * *

Kafin gari ya waye unguwa ta yanke hukunci. Abdulwasi'u, mai injin sassaƙa ƙarfe a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Zahir, shi ya ƙera masu taurin, kowa ya sani. Baƙo ne kuma, bai daɗe da zuwa daga Zariya ba, ba shi da dangi a gari. Mata suka daina gaisawa da matarsa Maijidda a bakin shago. Sauran ma'aikata masu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, suka shiga taitayinsu, kowa na tsoron kada bincike ya biyo ta kansa a ce ya tattara ya koma gida. Da azahar aka zo aka tafi da shi.

Mulazim Bandar, jami'in da ke riƙe da binciken, ya san Yari tun wani neman ɓataccen alhaji da suka yi tare, sai ya bar shi ya shiga. Abdulwasi'u na zaune ya haɗa gwiwoyi, leɓensa sun bushe.

"Baba, wallahi ni na ƙera su, ban musa ba. Amma na gwaji ne. Ana sa su a daidaita injin da giya su miƙe, sannan a cire a sa na gaske. A kwali suke a kan kanta, kowa na ganinsu."

"Ka je filin ran Alhamis?"

Ya gyaɗa kai. "Da safe. Ƙofar rumfar ce ke cijewa, na je na gyara. Na ji tsoron faɗa wa Mulazim."

"Ka iya tada injin?"

"Ni? Ko kujerar ban taɓa hawa ba. Nuru ba ya barin kowa ya hau sai Rakan da Hashim, kuma sai mutum ya cire takalmi."

"Kan mi suke gardama, su ukun?"

"Kan komai. Har kan robar nan na sha jin sun ɗaga murya, amma da Larabci suke yi, ba na kamawa sosai." Ya kamo gefen rigar Yari. "Baba, Maijidda ciki wata takwas gare ta. In Nuru ya rasu, ka san abin da ake yi wa mai kisa a ƙasar nan."

Yari ya sani. Ya dafa kan Abdulwasi'u ya fita.

* * *

A asibiti ya sami Hashim zaune a ƙofar ɗakin da Nuru ke kwance, carbi a hannu, idanunsa sun faɗa. Tun ranar haɗarin bai kwana a gida ba. Ya miƙe ya ba surukinsa kujera.

"Baba, ni ran Alhamis ina Muzdalifa, muna duba motocin alhazai. Ban leƙa filin ba sai ran Asabar." Ya rage murya. "Ba na son ɗora wa kowa, amma ku tambayi Rakan. Sun yi kaca-kaca da Nuru kan wanda zai fara tashi da jirgin. Har cewa ya yi Nuru ya kwashe tarkacensa ya bar masa fili."

Ta gilashin ƙofa Yari ya hango ɗan ƙanwarsa, roba a baki, ƙirjinsa na hawa yana sauka da ƙarfin na'ura. Ya kau da kai.

Rakan bai ɓoye faɗan ba. Da kansa ya zo ya ɗauki Yari a mota zuwa filin, yana tuƙi yana huci.

"Na faɗa, Baba, na faɗa! Ni ke da lasin, ni na fi shi daɗewa a sama. Cewa na yi ya bar ni na fara gwada shi, in wani abu ya faru ni na fi sanin yadda zan sauko. Ya ƙi. Yanzu a Zahir ana nuna ni da baki, wai baƙin ciki nake yi masa. In da na san an taɓa giyar, zan roƙi a bar ni na hau?"

"Ran Alhamis kana ina?"

"A Ɗa'if, wurin mahaifiyata. Ni kaɗai na tafi, ni kaɗai na dawo." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka ga ba ni da shaida sai tsohuwa."

Filin fako ne mai faɗi, duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi ta nesa. An yi ruwan sama a farkon makon, ƙasar ta yi laushi sannan ta kama, irin ƙasar da mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi. Amma a gaban rumfar jirgin babu komai. An ja wani abu mai faɗi a kai, tsohuwar darduma ko buhu, an bi an shafe kaf.

"Kai ka share nan?"

Rakan ya dubi ƙasar, fuskarsa ta sauya. "A'a. Jiya da na zo ba haka take ba."

Yari ya sake duban ƙasar. Wanda aka tsare ba ya fitowa ya yi shara. Mai abin yana waje, yana da makulli, kuma ya san an kira mai bin sawu.

"Zauna a mota," ya ce. "Kar ka biyo ni."

* * *

Motocin agaji duk gabas suka bi, inda jirgin ya faɗi, sun tattake wancan ɓangaren. Yari ya yi yamma, ya bi gefen hanyar da jirgin ke gudu kafin ya tashi. Da ya wuce inda shara ta tsaya, sai ga sawun tayoyi uku, biyu a baya ɗaya a gaba, sun miƙe sumul kamar an ja zare. Ya bi su a hankali, hannuwansa a baya.

Can gaba sawun ya sauya. Gefensa ya fara tsattsagewa, ƙasar ta yi ƙananan tudu a jere kamar haƙoran zarto. Ya durƙusa ya shafa. Ya taɓa ganin irin wannan a sawun raƙumin da zazzaɓi ya kama, ƙafa na taka ƙasa tana karkarwa. Nan ne injin ya kai mugun gudun da Shifa ta faɗa. Kaɗan gaba sawun ya ɗauke, jirgin ya bar ƙasa.

Zai miƙe ke nan idonsa ya faɗa kan wani sawun, kusa da na farko. Tayoyi uku, irinsu ɗaya. Sumul da farko, sannan haƙoran zarto, daidai wuri ɗaya. Sai dai wannan bai ɗauke ba. Ya ja birki, tayoyin suka tono ƙasa, ya tsaya.

Jirgin sau biyu ya fito da mugun abin a cikinsa.

Garken awaki ya ratsa wurin. Kofatansu sun taka sawun da ya tsaya, amma sawun da ya tashi shi ya taka kofatan. Yari ya ɗaga kai, ya hango bukkar makiyayi a gindin dutse, ya taka har can. Makiyayin ya ce ran Alhamis da la'asar ya ratsa da dabbobinsa, ran Juma'a bai fito ba. Ya kuma ji ƙarar injin ran Alhamis ɗin bayan azahar, har awakinsa suka firgita, amma bai ga kowa ba.

Yari ya koma inda jirgin ya ja birki. A gefen hagu, inda matuƙi ke saukowa, akwai sawun ƙafa ba takalmi. Mutumin dirowa ya yi, bai sauko a hankali ba. Ya zagaya gaban jirgin, ya tsaya wurin giya har dugadugansa suka nutse. Ya ja da baya, ya zauna a ƙasa, ga shaidar tafukansa biyu. Sannan ya tashi ya hau, ya juya jirgin ya mayar.

Sawun ƙafar dama ya fito tsaf kamar an buga hatimi. Yari ya dube shi sau ɗaya. Ya san ƙafar. Ya sha ganinta a bakin famfon alwala, ya sha ganinta a kan tabarmar gidansa ran sallah. Ya yi salati a zuci.

Da ya ɗago, sai ya hango wata farar mota tsaye a kan tudu, can bakin titi, ba ta motsi. Ba ya iya ganin na ciki, amma ya san ana kallonsa. Tsoho ne shi kaɗai a tsakiyar fako, Rakan ya yi nisa, ko ihu ya yi ba za a ji ba. Ya cire rawaninsa ya shimfiɗa a kan sawun, ya danne gefunan da duwatsu, ya zauna a kusa. In motar ta gangaro, sai dai ta bi ta kansa. Suka daɗe a haka. Sannan ta juya a hankali ta hau titi.

Ya ciro waya ya kira Mulazim Bandar, ya ce a turo mai gadi, kuma gobe a tara masa mutum huɗu.

* * *

Washegari da la'asar suka hallara a gaban rumfar. Abdulwasi'u da ankwa a hannu, Rakan ya harɗe hannuwa, Hashim kusa da Shifa. Wasu dattawan Hindawiyya ma sun biyo, sun tsaya gefe suna hararar Abdulwasi'u.

"Mu yi salla tukuna," in ji Yari. "Maganar tana da nauyi."

Aka yi alwala a bakin tankin ruwa, kowa ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa zuwa shimfiɗa. Da aka idar, Yari ya ce kada kowa ya koma ta wurin, ya ja su zuwa yamma. Ya nuna musu sawu biyu, da haƙoran zarto, da kofatan awaki. Bandar ya tambayi Shifa ko roba mai taushi za ta iya barin irin wannan alama. Ta durƙusa ta duba, ta girgiza kai.

"A wannan gudun, a'a. Wannan karkarwar mai tauri ce."

"To wanda ya sauya robar bai tsaya nan ba," in ji Yari. "Ya fito da jirgin ran Alhamis ya gwada. Abdulwasi'u bai iya tada shi ba, kowa ya shaida. Mai wanga aiki ya ji yadda jirgin ke kaɗawa kamar zai tarwatse, ya tsorata har ya diro ba takalmi. Ya san abin da ke ciki. Ya mayar da shi rumfa, ya rufe, ya bar Nuru ya hau."

Ya ɗage rawanin. Ƙafar dama ce, yatsu huɗu, gurbin ƙaramin yatsa babu komai.

"Mulazim, sawun kowa na can bakin tanki. Je ka gwada."

Bandar bai kai ga ɗaga ƙafa ba. Shifa ta riga ta gani. Ta dubi ƙasa, ta juyo ta dubi ƙafar mijinta, wadda ƙarfen mota ya datse wa yatsa tun kafin aurensu. Ba ta yi kuka ba. Baya kawai ta ja, taku ɗaya, ta sake ja.

"Hashim," ta ce.

Ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ban yi don ya mutu ba. Wallahi, Shifa, ban yi don ya mutu ba. Tun farko na ce roba za ta narke da zafin ƙasar nan, a ɗaure injin da giya tam, mugun gudun zai haura sama inda ba a kaiwa. Kuka yi mini dariya, ke da shi, a gaban Rakan. Kuka ce bakanike ke magana. Na ce bari na sa masu taurin na gwada ni kaɗai, in ya yi lafiya na nuna muku."

"Ka gwada," in ji Bandar. "Ka ji. Me ya hana ka mayar da na gaske?"

"Wajen cirewa biyu sun yage, babu wasu a ƙasar nan sai an yi oda. In na faɗa, sai na ce na taɓa jirginsa a ɓoye, kuma ku kuka yi gaskiya. Na ce gobe zan faɗa. Ran Juma'a muka ci abinci kwano ɗaya da Nuru, na buɗe baki ya fi a ƙirga. Ran Asabar na ce ai zai ji karkarwar tun a ƙasa ya tsaya, kamar yadda na tsaya." Ya kifa goshinsa a ƙasa. "Bai tsaya ba. Ya ɗauka in ya ƙara wuta za ta wuce."

"Shi kuma wannan?" Rakan ya nuna Abdulwasi'u. "Da ni? Mu ma gobe za ka faɗa?"

Bandar ya kwance ankwar daga hannun Abdulwasi'u. Dattawan unguwa suka sunkuyar da kai, ɗaya ya matso zai kama hannunsa, Abdulwasi'u ya wuce shi ya je ya zauna a inuwar mota, ya rufe fuska yana kuka kamar yaro.

Da za a shigar da Hashim mota, ya tsaya a gaban Yari.

"Baba, ni ne a kan tudu jiya. Na ga kun zauna."

"Na sani."

"Na sa giya zan gangaro. Ban san abin da ya riƙe ƙafata ba."

Yari ya dube shi. Aka rufe ƙofa.

* * *

Rakan ne ya mayar da su gari. Shifa na baya, ta jingina kai da gilashi har suka shigo Zahir. Yari ya waiwayo ya dube ta. Ita ta zo ta ɗauko shi daga kan dardumarsa, shi kuma ya bi sawu har cikin ɗakinta.

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce daga asibiti, tana kuka tana dariya, muryarta ta cika motar.

"Ya farka! Shifa, ya buɗe ido, an cire masa robar, ya yi magana! Ga shi, ga shi, yana neman ki."

Rakan ya taka birki a gefen titi. Aka ji numfashi mai nauyi, sannan muryar Nuru, siririya, da ƙyar take fita.

"Shifa... giyar ce. Wani abu ya sami giyar." Ya huta. "Kar ki bar kowa ya taɓa ta. Ki kira mini Hashim. Shi kaɗai na yarda ya buɗe ta."

Shifa ta dubi wayar. Ta miƙo wayar gaba da hannu biyu.

Yari ya karɓa. Ya kara ta a kunne, ya rufe ido.

"Nuru, Kawunka ne. Kwanta ka huta, ɗana. Ga ni nan tahe, ni zan gaya maka da bakina."